Sunan Yayan Kande

Gidan da na taso a unguwar Bolari, cikin Gombe, yana bayan tashar mota, don haka ban san wani abu wai shi shiru ba sai da na girma. Tun da asuba 'yan kamasho ke rafka kiran garuruwa, makanikai na dukan ƙarfe, masu keke da 'yan acaɓa na rige-rigen danna hon. Sai an yi sallar magariba unguwar ke ɗan sauke numfashi. A daidai lokacin ne Iya, kakata ta wajen uba, take jawo 'yar kujerarta zuwa bakin murhu. An riga an kwashe tuwo, saura garwashi, ita kuwa ba ta yarda a zuba masa ruwa sai ta gasa abin da za ta gasa, masara in damina ce, dankali ko gyaɗa in rani ne. Mu yaran gidan, ni da ƙanwata Ummi da 'ya'yan Baffa Sani su huɗu, sai mu zagaye ta. Ba zan yi ƙarya ba, da farko masarar ce ke kawo mu.

Iya Bakatsiniya ce. Ta haura shekara arba'in a Gombe amma harshenta ko gezau. "Mi" take cewa, "tahi" take cewa, in muka kwaikwaye ta sai ta ɗaga muciya ta ce mu ne abin dariya, da Hausarmu da ta cakuɗe da Fulatanci da Turanci kamar dafa-duka. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ga wata tsaye bakin ƙofa, a buɗe mata ko ta wuce?" Mu kuwa mu haɗa baki, "A buɗe mata!" Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa, na manta rabinsu. Guda ɗaya ce ta zauna mini daram, kuma ba za a gane ta ba sai na fara faɗin halin da gidanmu ke ciki.

Babana shi ne ɗan farin Iya. Sunansa Isa, kuma tun ranar da aka raɗa masa shi Iya ba ta taɓa furta sunan nan ba. "Yaron nan" take ce masa, mutum da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta Iya har ta zarce ta mutane. Ba ta cewa gishiri ya isa, sai dai ta ce ya yi haka nan. In wani mai irin sunan ya shigo gaishe ta, "mai sunan yaron nan" ne har ya fita. Umma kuma matarsa ce, "Malam" take cewa, ko kawai "shi". Ni 'ya ce, Baba nake cewa. Mu uku ke nan da muka fi kowa kusa da shi, kuma ba mai iya kiransa a cikinmu. Lokacin da yake nan ba wanda ya lura, don kullum safiya abokansa na kasuwa na tsaye a zaure suna kwaɗa kira, "Isa! Isa mai kifi! Rana ta yi fa!" Sunan yana yawo a gidan ba tare da mun taɓa shi ba.

Ina da shekara goma sha uku ya tafi saro bandar kifi can gabas wajen tafki, kamar yadda ya saba, a shekarun da hanyar ta lalace. Ya ce kwana biyar zai yi. Wayarsa ta yi kwana biyu tana shiga ba a ɗauka, daga nan ta daina shiga. Baffa Sani, ƙanensa, ya bi sawu da hoto a aljihu. Bayan sati biyu ya dawo a rame, an tsare shi kwanaki a wani wuri don kawai ya yi tambaya. A lokacin in mutum ya ɓace ta wannan hanya, mutane ba sa tsayawa a kan Allah ya bayyana shi. Sai raɗe-raɗi ya tashi, ko kama shi aka yi, ko kuwa bin mutanen daji ya yi, kuma gidan da aka yi wa wannan zargi ya shiga uku. Baffa ya tara mu a tsakar gida ya ce daga yau kada wanda ya ƙara ambatonsa, in an tambaya a ce ya yi tafiya. Da zan shiga sabon aji a wata makaranta, sunan kansa ya rubuta a bayan nawa, ba na Baba ba. Abokan Baba suka daina tsayawa a zaure. Ba gawa, ba zaman makoki, ba wanda ya shigo ya ce mana ya haƙuri. Sunan ya ɗauke daga gidan kamar yadda ake ɗauke wuta, sai dai shi ba a dawo da shi ba.

Na tsani Baffa a lokacin, tsana ta yarinta wadda ba ta da sauƙi. Yanzu na san mutum ne da bakuna goma suka dawo kansa, wanda kuma ya ga abin da bai taɓa gaya mana ba. Amma a lokacin ko gaisuwata sai ya ƙwata.

Da damina ta zagayo Iya ta kawo wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Wani gari ne, in ji ta, mai doguwar ganuwa da ƙofa ɗaya. Ba yunwa a garin. Hatsin kowa yana rumbu ɗaya, a hannun wasu mutane da ake kira Masu Mudu, kullum safiya su auna wa kowane gida daidai cikinsa. Ba ɓarawo, ba faɗa, ba mai ɗaga murya. Abu ɗaya kawai suke karɓa. Duk yaron da ya cika shekara goma sha biyar, ranar da wata ya tsaya za a kai shi wani ɗaki cike da tuluna, ya sunkuya ya faɗi sunansa a cikin tulu, a liƙe bakin da yumɓu. Daga ranar ba shi da suna sai na aikinsa, Mai Ɗebo Ruwa, ko Mai Sussuka, ko Mai Share Hanya. Kuma in sunanka ya shiga tulu, sunayen duk waɗanda ka sani sai su bi shi, su zube daga kanka.

Zulai, babbar 'yar Baffa, ta ce, "Iya, to me za su yi da suna? Ci ake yi?"

Iya ta harare ta. "Ke dai ba ki da tunani sai na ci. Wanda ba shi da suna, in an ɗauke shi, wa za a ce an ɗauka?"

Wanda duk ya yi gardama a garin, bayan ganuwa ake fitar da shi. Ƙofar kuma tana da wani hali, daga waje ba a ganinta. Mutum zai yi ta zagaye har ƙafarsa ta tsage bai same ta ba, sai fa in wani daga ciki ya kira shi da sunansa na yanka. To a garin akwai wata yarinya, Kande, saura kwana bakwai a kai ta ɗakin tuluna. Yayanta yana cikin masu ɗaukar buhu a bakin rumbu. Wata rana ya ce a gaban jama'a mudun bana ya fi na bara ƙanƙanta, kafin azahar an fitar da shi. Uwarsu tana kuka, ba ta san sunan wanda take yi wa kukan ba. Duk garin Kande kaɗai ke riƙe da sunan, don tana ƙarama yakan ɗora ta a wuya tun yana da shi. In ta bari wata ya tsaya, ita ma shi ke nan.

Iya ta iya jan zance. Sai ta bi da mu ta lungunan garin, mu laɓe tare da Kande har dogarawan Masu Mudu su zauna cin tuwo, mu hau tsamiyar da ke jingine da ganuwa, reshe bayan reshe. Ga dogarai a ƙasa da kulake, ga daji a gaba ba iyaka. Iya ta rage murya. "Sai ta cika ƙirjinta da iska, ta buɗe baki, ta ce..."

 Ta juya masara.

"Ta ce me, Iya?"

"Ku kuka sani. Mi sunan yayan Kande?"

Muka shiga jefo sunaye. Audu. Garba. Tanko. Ummi ta faɗi sunan mai shagon ƙofar gidanmu, wani cikin yaran Baffa ya faɗi na wani ɗan ƙwallo. Kowanne Iya ta girgiza kai. "Ba shi ba ne. To tunda ba ku sani ba, tsoro ya kama Kande, ta sauko. Saura kwana shida. Ku tashi, ga kiran salla can."

Washegari haka, jibi haka. In kwanakin suka zo saura ɗaya sai ta ajiye tatsuniyar ta kama wasu, bayan sati guda kuma ta ɗauko ta daga kwana bakwai. Wata ya ƙi tsayawa a garin nan har masara ta kusa ƙarewa a kasuwa. Ni a lokacin na cika sha huɗu, ina ji da kaina, ga bakina ba ya shiru. Ran nan na ce, "Iya, wannan ai cuta ce. In kin manta ƙarshen ki ce kin manta, mu huta." Ta dube ni ta ce, "Ke da bakinki kamar reza. Mai mantuwa daban, ɗiyar nan." Na murguɗa baki na tashi.

Na sami Umma a bakin rariya tana wanke-wanke, na tsuguna na ce, "Umma, Iya fa ta fara ruɗewa. Tatsuniya ɗaya tun farkon damina, ta kasa tuna sunan mutum ɗaya."

Umma ba ta ɗago ba. Tukunyar da ke hannunta ta riga ta fita, amma ta ci gaba da dirza ta. Ta ce, "Iya ba ta ruɗe ba, Rabi."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ni ma da zan iya, da na taya ta."

Ta kife tukunyar ta shige ɗaki. Na daɗe a tsugune a wurin. Sai a lokacin na tuna cewa duk sanda Kande ta kai saman ganuwa, ƙarar kwanukan Umma takan tsaya cak, ba ta ci gaba sai an gama jefo sunaye. Wata uku mata biyu suna jiran wani ya faɗi kalma ɗaya, ni kuwa mai wayon gidan ina ta lissafa sunayen masu shago. Kunya ta rufe ni, kewar Baba kuma ta taso mini gaba ɗaya har na rasa inda zan sa kaina.

Sanin abu daban, faɗinsa daban. Kwana uku ina zaune bakin murhu da sunan a bakina, ya ƙi fita. Ga dokar Baffa, ga tsoron maƙwabta, ga kuma abin da ya fi su nauyi: ban taɓa kiran ubana da sunansa ba, harshena bai san hanyar ba. Sai na riƙa gwadawa a hanyar makaranta, daidai lokacin da keke mai ƙafa uku zai wuce da ƙararsa, in faɗa a hankali yadda ko ni ba na ji.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da la'asar, an mai da murhu ƙarƙashin rumfa. Saura kwana ɗaya wata ya tsaya a garin su Kande. Yaran sun gaji da cinke, kowa idonsa na kan masara. Iya ta hau da Kande tsamiya, ta cika mata ƙirji da iska, ta ce, "Ta buɗe baki, ta ce..."

Na ce, "Isa."

Da ƙyar ya fito. Hannun Iya ya tsaya a kan garwashi, har na ji tsoron za ta ƙone. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kunnena ya tsufa, ɗiyar nan. Kande bisa ganuwa take, ba cikin ɗaki ba."

Na miƙe tsaye.  Na kira shi yadda abokansa ke kira daga zaure, da dukkan ƙarfina. "Isa!"

Na tabbata har gidan baya an ji. Tsakar gidan ta yi tsit, sai ɗigar ruwa daga kwanon rufi. Ummi, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Yaya Rabi, waye Isa?" Daga bakin rariya na ji wani sauti ya ƙwace wa Umma, ta toshe shi da gefen zane.

Iya ta ce, "Shi ne."

Sai ga Baffa Sani a bakin ƙofar ɗakinsa, da buta a hannu, zai fita masallaci. Ya ce, "Wa ya..." bai ƙarasa ba. Na tsaya ina jiran mari. Iya ta ce, ba tare da ta juya ba, "Tatsuniya muke, Sani."  Can ya ce, "Na ji, Iya. A dai rage murya." Muryar ba tasa ba ce. Ya wuce zaure, muna jin bai fita ba, har aka ta da salla yana nan yana fyace hanci.

A daren ne Iya ta ƙarasa. Ta ce da Kande ta kira, tuluna suka fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya a ɗakinsu. Wata tsohuwa tana tankaɗe sai ta ji sunan mijinta ya faɗo mata a ka, wani yana ba jaki ruwa ya tuna na uwarsa. Can kuma cikin daji, nesa ƙwarai, wani mutum da ke zaune gindin itace ya ɗaga kai.

Zulai ta ce, "Ya dawo?"

"Ya dai ji."

"Kande fa?"

"An kama ta mana. Kina tsammani ana kiran suna a garin nan a kwana lahiya? Amma da suka kai ta gaban tulu suka danna kanta, sunanta ya ƙi shiga. Ya yi wa bakin tulun girma." Ta share ido da bayan hannu ta ce hayaƙi ne, itacen ɗanye ne. "Nan na rufe mata ƙofa. Ku tahi."

Kullum Iya kan kakkarya masara ta raba mana. A ranar ta miƙo mini guda sukutum. Da muka shiga ɗaki na gaya wa Ummi sunan Baba ne. Washegari ta wuni tana rera shi tana tsalle a tsakar gida, kamar wata sabuwar waƙar gaɗa, kuma ba wanda ya hana ta, har Baffa.

Iya ba ta ƙara ba da tatsuniyar nan ba. Ta ƙara shekara uku a duniya, ba labarin Baba, ba ko wanda ya ce ya gan shi. Da ciwonta ya yi nauyi, in na shiga gyara mata shimfiɗa sai ta kamo hannuna ta ce, "Mi sunan yayan Kande?" In faɗa mata. Ta lumshe ido ta ce, "Shi ne." Har ta koma ga Allah ba ta furta da bakinta ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne jarumta, wai Iya na koya mana mu zama kamar Kande. Sai da na girma na gane ba koyarwa take yi ba, roƙo take yi. Tsohuwa ce da ke son jin sunan ɗanta, tarbiyyar da ta yi rayuwa a kai ta hana ta faɗa, tsoron da ya shigo gari ya hana kowa faɗa mata, sai ta gina gari guda da ganuwarsa da dogaransa don jikarta ta sami inda za ta tsaya ta yi kira. Abin da ke ba ni tsoro har yau shi ne, a gidanmu ba Masu Mudu. Mu da kanmu muka liƙe bakin tulun, kowa da dalilinsa mai kyau. Ban raina kunya ba, da ita aka rene ni, ina kuma son ta. Amma a ranar na fara sanin cewa akwai lokacin da abin da aka koya maka zai tsaya tsakaninka da wanda kake so, kuma ba wanda zai zaɓa maka. Ina ga a ranar na daina zama yarinya.

Shekara goma sha biyu ke nan. Har yanzu in na bi ta tasha na ga motar gabas tana sauke fasinja, sai na rage tafiya ina duba fuskokin dattawa. Na san abin da hankali ke faɗa. Zuciya ce ba ta ji.

Yanzu ina aure a unguwar Federal Low-Cost, inda shiru ya yi yawa har yana damuna. Da na haifi ɗana na fari, na roƙi mijina alfarma ɗaya, ya kuma yi mini. Ranar suna dangi suka yi ta murna an yi wa Baba takwara, nan take aka laƙaba wa jariri Abba, don ba mai sa ran zan iya kiran ainihin sunan. Ɗan fari ne, ga shi mai sunan uba, kunya biyu ke nan a kaina. Surukata ta kusa shiɗewa ranar da ta ji na kira shi gatsau. Maƙwabciyata ta ce ita ba ta taɓa ganin marar ta-ido irina ba. Na ce ta yi haƙuri, haka Allah ya yi ni.

Shekararsa huɗu yanzu. Da magariba yana wasa da yara a ƙofar gida, taku goma ne tsakaninmu, amma sai na fito na tsaya bakin get na cika ƙirjina na kira shi har layin ya amsa. Jiya ya rugo yana toshe kunne, ya ce, "Mama, ai ina kusa, na ji. Me ya sa kike ihu?" Na kakkaɓe masa ƙasar da ke gwiwarsa na ce ya wuce ya yi alwala. Ban gaya masa ba tukuna cewa ba shi kaɗai nake kira ba.